Kwana Biyar a Tarifa Ina Jiran Shirwa

Shekara ashirin da uku na yi ina koyar da labarin ƙasa, kuma ban san darasin da na maimaita kamar na jadawalin yanayi ba: watanni goma sha biyu a jere, ƙarƙashin kowanne an rubuta matsakaicin zafi da matsakaicin ruwan sama. Na zana shi a allo har hannuna ya haddace. Don haka da ƙanena da ke aiki a Malaga ta ƙasar Sifaniya ya matsa mini in zo in ga abin da ya daɗe yana cika mini kunne da shi, wato yadda tsuntsaye ke tsallake teku daga Afirka zuwa Turai, abin da na fara nema shi ne jadawalin Tarifa, garin da ke bakin tekun a ƙarshen kudancin ƙasar. Na duba layin Maris. Ba sanyin a zo a gani, ba zafi, ruwa jefi-jefi. Na jefa rigar sanyi guda ɗaya marar nauyi a jaka, na ce ta wadatar.

Da ya tarye ni a filin jirgi ya ɗaga jakar, ya ji ta sakayau, sai ya yi dariya. Ya ce, "Yaya, jadawalin naka ya ba ka labarin iska kuwa?" Na ce masa ni na koya masa karanta jadawali, kada ya kawo mini iyayi. Ya ja bakinsa ya yi shiru, irin shirun ƙanen da ya san lokaci zai rama masa.

Daga Malaga muka bi gaɓar Bahar Rum, tafiyar kamar awa biyu a mota. Kafin mu shiga Aljesiras dutsen Jibralta ya bayyana ta hannun hagu, tsayinsa mita 426, wani farin gajimare ya naɗe masa kai kamar rawani ya saki jela ta yamma. Ko'ina sararin sama garau, sai shi kaɗai da rawaninsa. Ƙanena ya nuna da haɓa, ya ce wannan alamar Lebante ce, iskar gabas, kuma in ta kama sai ta yi kwanaki ba ta saki ba. Sunayen wuraren nan duk ba baƙi ba ne a kunne. Jibralta daga Jabal Ɗariƙ ya samo asali, dutsen Ɗariƙ bin Ziyad da ya tsallako da runduna a shekarar 711, Tarifa kuma daga Ɗarif bin Malik da ya riga shi da shekara guda. Amma ba tarihin Andalus ya kawo ni ba, kuma na san in na fara shi ba zan gama ba.

Tsakanin Aljesiras da Tarifa hanya tana hawa tsauni, akwai wurin da masu mota ke tsayawa su kalli mashigin Jibralta, siririn tekun da ya raba Turai da Afirka. Na buɗe ƙofa zan fita, iska ta fizge ta daga hannuna, saura ƙiris ta ɓalle. Na fito ina dafa hula. Ga Afirka nan a gabana, kusa har abin ya ba ni tsoro: Jabal Musa na ƙasar Maroko ya tsaya ƙiƙam, ana ganin fararen gidaje a gindin tsaunuka. Inda mashigin ya fi tsukewa kilomita 14 ne kacal. Tekun da ke tsakani ya yi fari fat da kumfa, manyan jiragen dakon kaya suna ratsa shi a hankali. Tsuntsu kuwa ko ɗaya babu. Kafin minti biyar haƙorana sun fara haɗuwa. Ƙanena ya buɗe bayan mota ya miƙo mini wata ƙatuwar riga da ya zo da ita, bai ce uffan ba, ni ma ban ce ba.

Dalilin da ya sa tsuntsaye ke taruwa a wannan ƙusurwa na san shi a takarda tun da daɗewa. Manyan tsuntsaye masu faɗin fiffike, irin su shirwa da gaggafa da mikiya da shamuwa, ba sa son wahalar kaɗa fiffike. Jira suke rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta taso kamar turiri, su shiga cikinta su yi ta kewayawa har su yi nisa a sama, sannan su saki jiki su zurara zuwa inda wani turirin yake. Haka suke cin ɗaruruwan kilomita a yini ba tare da sun ƙona kitsen jikinsu da yawa ba. Teku ba ya ba da irin wannan turiri, saboda ruwa ba ya ɗaukar zafi da sauri kamar ƙasa. Shi ya sa suke guje wa faɗin Bahar Rum, su nemi inda ruwan ya fi ƙanƙanta: nan Jibralta ta yamma, ko ta gabas su bi Bosforus a Turkiyya, wasu kuma ta Tunisiya da Sisili. Abin da takarda ba ta nuna mini ba shi ne yadda kilomita 14 ke zama katanga idan iska ta ƙi.

Washegari tun da farar safiya muka hau wani tudu da ake kira Kazalla, sama da garin, inda masu kallon tsuntsaye ke zama. Mutum shida muka tarar, kowa ya ƙudundune a bayan bango. Akwai wata matashiya 'yar ƙasar mai riƙe da allon rubutu da ɗan ƙarfen ƙirga da ake dannawa da yatsa. A nan ana ƙirga tsuntsaye da tsari tun ƙarshen shekarun 1990, ƙarƙashin shirin da ake kira Migres. Akwai kuma wani dattijo ɗan Holan, dogo, da madubin hangen nesa da ya sha jiki da wani littafi da aka ɗaure da roba. Na tambaye su ko yau za a gani. Matashiyar ta girgiza kai. Ta ce suna can a tsallake, sun taru a tsaunukan Maroko, suna tashi su leƙa bakin ruwa su koma. Wanda ya yi gangancin shigowa a irin wannan iska, tura shi za ta yi zuwa Tekun Atlantika inda babu gaɓa. Ta ce in iskar gabas ce mai sauƙi, ta nan Tarifa da yammacinta suke sauka, in kuma ta yamma ce, wadda suke kira Poniyente, sai ta kore su gabas wajen Aljesiras da Jibralta. Wato ko wurin da za ka tsaya iska ce ke zaɓa maka.

Na ce da ita ai jadawali ya nuna yanzu ne tsakiyar lokacin wucewar shirwa. Ta ce gaskiya ne, amma jadawalin haɗa shekaru da yawa aka yi aka raba. A shekara guda abin da ake gani shi ne kwana uku ba komai, rana ta huɗu dubbai. Na ji kunya kaɗan, don wannan ita ce maganar da nake yi wa ɗalibai: aji mai yara talatin na iya samun matsakaicin maki 50 alhali babu yaro ko ɗaya da ya ci 50. Na faɗa sau ɗari, ga shi ni da kaina na zo neman yaron da ya ci 50.

Tun da sama ta ƙi, sai muka nufi ƙasa. Arewa maso yamma da Tarifa akwai wani fili da ake kira La Handa. Da can tafki ne, ɗaya daga cikin manya a Sifaniya, aka janye ruwansa a shekarun 1960 aka mai da shi gonaki da makiyaya. A nan na ga farar shamuwa ta Turai, mai jan baki da jajayen ƙafafu, ta fi wadda muka sani girma sosai. Suna kan turakun lantarki da rufin tsoffin gidaje, kowacce kan ƙatuwar sheƙarta, suna kaɗa baki kaf-kaf-kaf. Na ce wa ƙanena ashe wasu sun riga iskar tsallakowa. Ya ce da yawansu ba su je ko'ina ba. Mutanen Sifaniya suna da wani tsohon zance cewa ranar waliyyinsu San Bilas, wato 3 ga Fabrairu, za ka ga shamuwa, kamar dai yadda ganin tamu shamuwar ke nufin damina ta ƙarato. Yanzu zancen ya rasa ranarsa, don akwai garuruwan da shamuwa ke nan shekara cur. Sanyin hunturu ya yi sauƙi, ga gonakin shinkafa, ga kuma manyan jujin shara na birane inda abinci ba ya yankewa. A maƙwabciyarsu Fotugal an ƙirga shamuwa 1,187 da suka yi hunturu a ƙasar a 1995, zuwa 2015 sun kai wajen 14,000. Tsuntsun da kakanninsa ke keta Sahara zuwa Mali da Senegal ya gano cewa bola ta fi kusa. Ban san ko in ce wayo ne ko lalacewa ba, na dai ga wasu da gashinsu ya yi dauɗa.

Kuma wannan tsuntsu ne ya fara tona wa Turawa asirin ƙaura. Ƙarnoni da yawa ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu ba. Aristotil ya ɗauka wasu ɓuya suke yi cikin ramuka, wasu kuma rikiɗa suke su zama wani tsuntsun, kuma har ƙarni na 18 akwai masana da suka yarda tsattsewa na kwana cikin laka a ƙarƙashin tafki. A 1822 aka harbo wata shamuwa kusa da Kuluz a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta. Ta ɗauko shi tun daga can ta tashi da shi dubban kilomita. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostok. Sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa kuwa sai a 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Kiristiyan Mortensen, ya fara. Na ji daɗi da na tuna malamin makaranta ne.

Rana ta uku ta faɗo 20 ga Maris, ranar da dare da rana ke daidaita. Lebante ba ta saki ba, sai ma ta ƙara da yayyafi. Muka fake a zauren masaukinmu, dattijon nan ɗan Holan ma ashe nan ya sauka. Mai masaukin ya yi mana barka da shigowar sabon yanayi, dattijon ya ce a wurin masu auna yanayi ai tun 1 ga Maris ya shigo, don su wata uku-uku suke yanka shekara saboda sauƙin lissafi. Ga farkon yanayi iri biyu ke nan, na masu duban rana da na masu jadawali, kuma iskar da ke jijjiga taga ba ta san ko ɗaya ba. Ni kuma ina da tawa matsalar. Kalmar bazara da muke fassara wannan lokaci nasu da ita tana yaudarar kunne. Mu in an ce bazara, zafi da ƙishi da jiran hadari ke zo mana a rai. Tasu fitowa ce daga sanyi: itatuwan da suka yi tsirara suna tofo, rana na ƙara tsawo, ƙwari na ƙyanƙyashewa. Watannin ne kawai suka zo ɗaya. Tsuntsun da nake jira kuwa duka biyun yake rayuwa a cikinsu, yana barin ɗaya ya tarar da ɗaya cikin 'yan makonni.

Da ya ji aikina, dattijon ya gyara zama. Muka shiga zancen matsakaici, kuma a nan ne na fi daɗewa, don abin ya taɓa sana'ata. Abin da ake kira yanayin da aka saba a jadawali, lissafin shekara 30 ne. An tsayar da wannan ƙa'ida a wani taron masana yanayi a birnin Warso na ƙasar Foland a 1935, aka ɗauki 1901 zuwa 1930 a matsayin ma'auni na farko. Lokacin ana ganin in ka haɗa shekara talatin, ta fari da ta ambaliya za su kashe juna, abin da ya rage shi ne ainihin halin wuri, kuma ba zai motsa ba. Jadawalin da na fara koyarwa da shi na 1961 zuwa 1990 ne. Wanda na duba kafin in taso na 1991 zuwa 2020 ne, wanda Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta koma kansa a 2021, kuma yanzu duk shekara goma ake sabuntawa. Duk sabuntawa ana zubar da shekaru goma mafi tsufa, a ɗauko goma na baya-bayan nan, waɗanda suka fi zafi. Sakamakon haka, watan Maris da a tsohon jadawali za a ce ya yi zafi fiye da kima, a sabon sai a ce daidai yake. Mudun ne ya ƙara girma, mai awo kuma yana ta cewa bai ga canji ba. Hukumar ta san da haka, shi ya sa ta bar 1961 zuwa 1990 a gefe don auna sauyi na dogon lokaci. Sai dai mai sauraron hasashen yanayi da yamma ba wanda ke gaya masa da wane mudu aka auna.

Ni dai na yarda sabuntawar tana da amfani. Manomi da mai gina madatsar ruwa suna bukatar sanin yanayin da suke ciki yau, ba na zamanin iyayensu ba. Abin da ya dame ni shi ne kalmar "daidai". Turai na ɗumama kusan ninki biyu na matsakaicin duniya tun shekarun 1980. A nan Andalus, ranar 27 ga Afrilu 2023, ma'auni a filin jirgin Kordoba ya nuna digiri 38.8, zafin da ba a taɓa rubutawa ba a watan Afrilu a babban yankin Sifaniya. Wannan rana za ta shiga lissafi na gaba, a raba ta da sauran ranaku, ta narke, ta ɗaga layin Afrilu da ɗan abin da ido ba zai kama ba. Yaron da za a koya wa jadawalin 2001 zuwa 2030 zai haddace shi a matsayin yadda duniya take.

Dattijon ya kwance robar littafinsa. Ba na Tarifa ba ne kaɗai, har da na dajin da ke kusa da gidansa, inda ya daɗe yana rubuta ranar da ya fara jin kukan kowane tsuntsu a shekara. Ya ba ni labarin wani ɗan tsuntsu mai baƙi da fari, mai cafke ƙwari a iska, nauyinsa bai kai cokali uku na sukari ba. Yana hunturu a Afirka ta Yamma, ya je dazuzzukan Holan ya yi ƙwai. 'Ya'yansa tsutsar ganye suke ci, ita kuma tsutsar 'yan makonni kaɗan take yi da yawa, daidai lokacin da ganye ke sabo. Da yanayin ya riƙa ɗumi da wuri, ganye ya riƙa fitowa da wuri, tsutsa ta bi shi. Tsuntsun kuwa yana can nesa da kilomita dubbai, ba shi da labari. Masu bincike, cikinsu har da Kiristiyan Bot da Marsel Fisa, sun nuna cewa ya matso da ranar yin ƙwai, amma ranar isowarsa ba ta matsa yadda ya kamata ba. A binciken da aka buga a 2006, dazuzzukan da tsutsa ta fi saurin fitowa sun rasa wajen kashi 90 cikin 100 na wannan tsuntsu cikin shekara kusan ashirin, alhali inda tsutsar ke jinkiri abin bai taɓa su sosai ba. Ya ce labarin bai ƙare a nan ba, don daga baya an ga alamun wasu sun fara isowa da wuri, amma tsere ne tsakanin ɗan tsuntsu da ganye.

Na tambaye shi me ke gaya wa tsuntsu lokacin tashi ya yi. Ya ce agogo ne a jikinsa, tsawon rana ke saita shi. Wani masani a Jamus, Ebahad Gwina, ya ajiye irin waɗannan ƙananan tsuntsaye a keji, haske da ɗumi ba sa canzawa shekara da shekaru, amma da lokacin ƙaura ya zo sai su yi ƙiba, su hana kansu barci, su yi ta kaɗa fiffike da dare. Tsawon rana bai canza ba tun da aka halicci tsuntsun, ɗumin ƙasar da zai sauka ne ya canza. Masu gajeriyar tafiya, da ke hunturu a nan Sifaniya ko Faransa, suna jin ɗumin a jikinsu su tashi da wuri. Na bayan Sahara ne ke tafiya da tsohon alƙawari.

Nan na ce masa shi ƙarshen labarin yake gani, farkonsa yana wancan gefen. Ƙananan tsuntsayen nan a watan Maris da Afrilu suke tara kitsen da za su keta hamada da shi, wasu har su kusa ninka nauyinsu, kuma a Sahel wannan ne lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Abin da za su samu ya dogara ga daminar da ta wuce wata shida baya: ko kogin Neja ya malala sosai a fadamun Mali, ko bakin Tafkin Chadi ya yi ƙwari, ko itacen asuwaki ya yi 'ya'ya. Ya ɗaga yatsa, ya ce 1969. A wannan shekara masu ƙirga a Birtaniya suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, da ke cike da shingayen gonakinsu, ya ragu da wajen kashi 70 cikin 100 a tashi ɗaya. Suka yi ta neman dalili a gonakinsu, ba su samu ba. Dalilin shi ne ruwan da bai sauka ba a Sahel a 1968, farkon farin da ya zo ya halaka dabbobi da mutane a shekarun da suka biyo. Tsuntsun ya kai musu labarin tun kafin jaridunsu su kai. Muka yi shiru ni da shi na ɗan lokaci, ƙanena na ta duba hasashen iska a wayarsa.

Cikin dare na farka, na rasa abin da ya tashe ni. Can na gane shirun ne. Taga ta daina kaɗawa.

Da asuba ƙanena ya ƙwanƙwasa ƙofa. "Yaya, ta juya. Poniyente ce, marar ƙarfi. Sai mu koma gabas." Muka ɗauki dattijon muka nufi Punta Karnero, wani tsinin ƙasa kudu da Aljesiras mai hasumiyar fitilar jiragen ruwa, yana fuskantar dutsen Jibralta. Rawanin dutsen ya tafi. Har wajen ƙarfe goma ba komai sai tsattsewa da ke shigowa ƙasa-ƙasa, suna kusan shafar ruwa, ɗaya-ɗaya, biyu-biyu. Sannan dattijon ya ce in ɗora madubi a kan Jabal Musa, in ɗaga kaɗan. Na ga wani abu kamar hayaƙi yana juyawa a saman dutsen. Hayaƙin ya miƙe, ya zama zare, zaren ya nufo mu.

Shirwa ce. Na san shirwa tun ina yaro, ban taɓa ɗaukarta tsuntsun da za a bi da kallo ba, sai dai a kore ta daga 'yan tsaki. Amma ban taɓa ganinta tana aiki haka ba. Sun baro gaɓar Afirka daga can sama, suna zurarowa, tsayin yana ƙarewa a hankali, kafin su kai rabin ruwa dole suka fara kaɗa fiffike. Suka iso mana ƙasa-ƙasa, wasu baki buɗe, ana jin ƙarar gashinsu. Da suka ga ƙasa a ƙarƙashinsu ba su sauka ba, suka nemi turirin farko a kan tudun da ke bayanmu, suka hau shi, suka wuce arewa. Na fara ƙirga, na kai ɗari da wani abu, wani zaren ya shigo ta dama, na rikice na bari. A tsakaninsu akwai farar ungulu mai rawayar fuska, da baƙar shamuwa guda uku, da ƙananan shaho da ke wucewa kamar an harbo su. Dattijon ya ce nan da wata guda ko fiye mikiya za ta biyo, matasan da suka je yawo Afirka, kuma tun shekarun 1990 akan ga mikiyar Sahel ta bi ayarinsu ta shigo Turai, inda a da ba a san ta ba.

Wadda ta tsaya mini a rai gaggafa ce mai cin maciji, fara ta ƙasa, mai ƙaton kai. Ta fi shirwa nauyi, ruwa ya fi ba ta wuya. Mun hango ta tun daga nesa tana ƙasa da sauran, tana kaɗawa da ƙyar, kowane bugu kamar shi ne na ƙarshe. Saura kamar rabin kilomita sai fararen tsuntsayen tekun nan masu rawayan ƙafa, da ke sheƙa a duwatsun gaɓa, suka taso mata. Suna yin haka, kuma sukan tura gaggafa cikin ruwa, in gashinta ya jiƙe shi ke nan sai in an tsamo ta. Suka yi ta kai mata sura ta sama, tana sunkuyawa, har na ga ƙafarta ta kusa taɓa kumfa. Na ji muryata ina cewa "Yi haƙuri, saura kaɗan," kamar tana ji. Ƙanena ya riƙe mini hannun riga. Ta iso, ta faɗa kan wani dutse ƙasa da mu, fiffike a sake, tana haki, idonta rawaya fal yana kallonmu. Ta yi kusan rabin awa a wurin. Ta baro Sahel, ta keta hamadar da faɗinta ya haura kilomita 1,500, ta jira iska kwana uku, kuma kilomita na ƙarshe ne ya kusa cinye ta.

Duk wannan da muka gani ɗan kaɗan ne daga cikin ayarin. Mafi yawan masu ƙaura ƙanana ne, da dare suke tafiya, ba sa neman mashigi, ko'ina suka samu ketawa suke. Wani lissafi da aka buga a 2009 ya kiyasta ƙananan tsuntsayen da ke barin Turai zuwa kudu da Sahara duk kaka sun kai biliyan 2.1. Waɗanda suka rage da rai su ne ke komowa yanzu, a saman kanmu, muna barci. Da magariba na fita bayan ganuwar tsohon garin na kasa kunne. Sau biyu na ji wani siririn tsit daga sama cikin duhu, ban san na wane ne ba.

Da za mu rabu dattijon ya buɗe littafinsa ya rubuta kwanan wata da iska da abin da ya gani. Na leƙa shafin. Layi-layi ne na shekaru, ba a haɗa ba, ba a raba ba, kowace shekara da ranarta, wasu da tabon ruwan sama a kan tawada. Na ce ko ya taɓa fitar da matsakaicinsu. Ya ce jikarsa ta yi masa a kwamfuta, ya ajiye takardar a wani wuri. Ya mai da robar ya ɗaure.

Rana ta biyar muka kama hanyar Malaga. Fankokin lantarki da suka cika tsaunukan Tarifa suna juyawa a hankali, biyu daga ciki a tsaye cak. Ƙanena ya ce akwai masu gadi da ke tsayar da su idan manyan tsuntsaye suka nufo. Shirwa na ta bin saman hanya, uku nan, biyar can, duk sun ba teku baya. Wajen Aljesiras ya dube ni ta gefen ido.

"Yaya, rigar tawa fa?"

Na ƙara jan zif ɗin har wuya. Na ce ya duba wayarsa, an ce jibi Lebante za ta dawo.